Me ya kai Graf von Spee tsibiran Falkland?

Malam Sada: Assalamu alaikum. Ina neman bayani a kan Maximilian von Spee, hafsan sojan ruwan Jamus, musamman abin da ya kai shi Falkland, tsibiran Birtaniya da ke kudancin tekun Atlantika, a 1914.

Hajiya Bilki: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗan gidan sarauta ne, haifaffen 1861, wanda ya taɓa shugabantar tashar jiragen ruwan Kamaru lokacin mulkin Jamusawa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, sai ya ratso tekun Pasifik da rundunarsa ta Gabashin Asiya, kuma ranar 1 ga Nuwamba ya nutsar da jiragen Birtaniya biyu a Coronel, kusa da gaɓar Chile, amma ya ƙone harsasai masu yawa waɗanda ba shi da inda zai sake samu.

Alhaji Ɗanjuma: Hajiya ta yi daidai. Niyyarsa ita ce ya lalata tashar rediyo da rumbun kwal na Stanley, babban garin Falkland, bai san manyan jiragen yaƙin Birtaniya Invincible da Inflexible sun iso kwana ɗaya kafinsa ba. A ganina ganganci ne. Ranar 8 ga Disamba jiragen Birtaniya suka nutsar da jirginsa Scharnhorst da kowa da kowa, 'ya'yansa Otto da Heinrich ma suka mutu a wasu jiragen.