Damuwa ta kai a je Barnawa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da haihuwata, barci ya ƙaurace mini. Jariri na kuka ni ma ina kuka. Jiya na ɗora tuwo na zauna ina kallon bango har ya kama. Wata nas ta ce in je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, surukata kuwa ta ce wurin mahaukata ne, rukiyya za a yi mini.

Kawu, Unguwar Sarki: Allah ya ba ki lafiya, 'yata. Ni ina bayan surukarki. Damuwa ba ciwon asibiti ba ce. Iyayenmu sun haifi goma-goma, ba wadda ta sha ƙwaya don baƙin ciki. Ki riƙe azkar, ki zauna cikin dangi. Kuma a garin nan in aka ce an gan ki a Barnawa, har 'ya'yanki sai an goranta musu ranar neman aure.

Ma'aikaciyar jinya: Kawu, da girmanka, ban yarda ba. Iyayenmu sun sha wannan ciwo, sai dai a ce jego ne ya taɓa su, su daure a ɗaka. Ciwon damuwa bayan haihuwa sananne ne, kuma yana warkewa. Ba kowa ake kwantarwa ba. Da yawa suna ganin likita su koma gida a ranar. Akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha, sai dai yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi.

Ɗan Rigasa: Wannan tsoron gorin shi ya ci mu. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a unguwarmu, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna ganin nan ne rufin asiri.

Kawu: Wannan zalunci ne, ɗana, ba rukiyya ba. Kada a haɗa.

Malamar Islamiyya: Gaskiya ne, Kawu. Amma Manzon Allah (SAW) da ya koya mana rukiyya, shi ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Mai hawan jini yana addu'a yana shan ƙwayarsa, ba mu taɓa cewa imaninsa ya yi rauni ba.

Ɗalibi: Ni fa na je wani asibiti. Tun asuba nake layi, likita ya ba ni minti biyar, maganin ya sa ni barci har a aji. Na watsar. Nan da nake yin magana a saurare ni ya fi mini.

Ma'aikaciyar jinya: Maganar layi gaskiya ce, ƙanena, likitocin sun yi kaɗan. Amma da ka koma an sauya maka magani ko an rage. Mu nan za mu saurare ka, ba za mu iya duba ka ba. Batun gori kuwa, a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda tsare mara lafiya kawai ta sani.

Uwar Biyu: Akwai abin da ban faɗa ba. Wani lokaci raina yakan raya mini yaran nan sun fi samun sauƙi in babu ni.

Ma'aikaciyar jinya: 'Yar uwa, kada ki jira gobe. Yau za ki ga likita. Wa ke tare da ke a gida yanzu?

Uwar Biyu: Ƙanwata.

Kawu: Innalillahi. Kada ta bar ki ke kaɗai. Turo mini lambar maigidan naki ta gefe, ni zan yi masa magana, shi da mahaifiyarsa.