Kakata ta rasu ta bar mana zane-zane, me zan faɗa a kanta?

Jikar Mai Zane:
Salama gare ku 'yan'uwa. Kakarmu ta koma ga Ubangiji watan jiya, kuma iyali sun ce ni zan tashi in yi magana a kan rayuwarta ranar sujadar tunawa da ita. Matsalata duk abin da na rubuta sai ya fito irin wanda ake faɗa a kan kowace tsohuwa, mai addu'a ce, mai haƙuri ce, mai son mutane, duk gaskiya ne amma ba ita ke nan ba. Ita fa mai zane ce, in ba Littafi Mai Tsarki ne a hannunta ba to buroshi ne, furanni take zanawa da tsuntsaye da labaran Yesu, wasu da fentin ruwa a takarda wasu da fentin mai a kan ƙyalle, kuma sai ta yi addu'a take fara aiki. Ta ya zan haɗa bangaskiyarta da zanenta ba tare da abin ya koma wa'azi ba? Sannan zanen na nan jibge a ɗakinta wasu har sun fara ɗige-ɗige, dan Allah me za mu yi da su?

Uwar Marayu:
Ayya 'yata, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Buɗe Ayyukan Manzanni 9 daga aya 36 ki karanta labarin Dokas. Da ta mutu a Yafa Bitrus ya iso, matan da mazansu suka mutu ba dogon jawabi suka yi masa ba, kuka suke suna nuna masa rigunan da ta ɗinka tana da rai. To haka za ki yi, ki ɗauki zane biyu ko uku ki tsaya da su gaban jama'a ki faɗi wa ta yi wa kowanne da halin da take ciki lokacin. Wa'azi ki bar wa fasto, aikinsa ne. In kina son aya ɗaya ga 2 Timoti 1:5, inda Bulus ya ce bangaskiyar Timoti a zuciyar kakarsa Loyis ta fara zama kafin uwarsa Afiniki, kinga ke jika bakinki ya fi dacewa da ita.

Mai Fenti:
Sannu da rashi 'yar'uwa. Ni kan zanen zan yi magana don ɗige-ɗigen nan ya dame ni, galibi danshi ke kawo shi. Ku ɗaga su daga ƙasa yau ɗin nan, ku kai su inda iska ke shiga amma rana ba ta dukan su, fentin ruwa saurin koɗewa gare shi kuma in launi ya tafi ba ya dawowa. Kar a goge na mai da ruwa ko sabulu, buroshi mai laushi busasshe ya isa kakkaɓe ƙura, in fentin ya fara ɓarewa ma kar a taɓa. Kar a manna salatif, kar a kai su a narka musu leda, ɓata takarda suke. Wanda za a sa a firam a bar ɗan tsakani kar takardar ta manne da gilashi. Bayani kuma da fensir ake rubutawa a baya, biro na iya ratsowa.

Ɗan Autan Gida:
Shawarar Mama ta yi, sai dai ni ina tsoron a kwashi na asali zuwa taro, kowa zai so taɓawa wani ma ya ce a ba shi na tunawa kuma kunya ta hana ku hanawa. Ku fara ɗaukar hoton kowanne da waya a inuwa da hasken rana, ba filasha, ku sa musu lamba kafin a zo maganar rabo don a nan ne zumunci ke lalacewa. Kuma ku zauna da tsaranta na coci da suka rage ku naɗi muryarsu, su suka san labarin kowane zane. In wani ya ce ai ba ta yi makarantar zane ba kar ya dame ki, Grandma Moses ta Amurka ma ba ta yi ba, ta haura 70 ta kama zane gadan-gadan, ta rasu a 1961 tana da shekara 101 kuma har yau aikinta na gidajen tarihi.

Jikar Mai Zane:
Na gode ƙwarai, Ubangiji ya saka. Mama labarin Dokas ɗin nan kuka ya sa ni. Akwai wani na makiyayi ɗauke da tunkiya da ta yi bayan rasuwar kakanmu, shi kaɗai zan riƙe, sauran a nuna hotunansu. Mai Fenti akwai guda biyu da suka manne da juna, in raba su a hankali ko in bar su haka sai an samu wanda ya iya?