Wane suna za mu raɗa wa cystic fibrosis?

Jama'a, a taimaka. Ina rubutu kan gwaje-gwajen da ake yi da abubuwan da ake tatsowa daga tsirrai don ciwon da Turawa ke kira cystic fibrosis, sai na tsaya cak, don ba mu da sunansa.

Ciwon gado ne kamar sikila, sai yaro ya ɗauko daga uwa da uba duka. A 1989 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo shi, CFTR. Ita ke samar da 'yar ƙofar da gishiri ke bi ya fita daga ƙwayoyin jiki, ruwa na biye da shi. Idan ƙofar ta lalace sai majina ta yi danƙo, ta toshe huhu da hanyoyin ruwan narkar da abinci.

Da na nemi shawara, wani ya ce "ciwon huhu na gado". Na gode Malam, amma ina za mu kai toshewar hanji da ramar yaro?

Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo "ciwon zufar gishiri". Malama, wannan ya burge ni. Da zufa ake gwajin, kuma sau da yawa uwa ce ke fara jin gishirin a leɓenta in ta sumbaci goshin jariri. Sai dai ba zufar ke kwantar da yaro a asibiti ba.

Ni dai na karkata ga "ciwon danƙon majina". Faransawa ma abin da suka duba ke nan suka ce mucoviscidose. Sunan Ingilishin kuwa tabon cikin jiki da wata likitar Amurka, Dorothy Andersen, ta bayyana a 1938 yake nufi, fassara shi ba zai fahimtar da kowa komai ba.

Sai kalma ta biyu, wato sunan abubuwan da ake tatsowa daga tsirrai. An ce in rubuta "maganin itatuwa". A'a. A 2004 masu bincike a Jami'ar Yale suka ce curcumin, sinadarin da ke cikin kurkur, ya gyara matsalar a jikin ɓeraye. Wasu suka maimaita, ba su ga haka ba, ga shi hanji ba ya tsotse shi sosai. Sinadarin genistein na waken suya yana sa ƙofar ta daɗe a buɗe, amma a ɗakin gwaji aka fi ganin haka. Maganin ivacaftor da aka amince da shi a Amurka a 2012 kuwa haɗin ɗakin bincike ne, ba daga tsiro aka tatso shi ba.

In na rubuta "magani", gobe wani zai ɗura wa ɗansa kurkur. "Sinadarin tsiro" zan sa. Likitocinmu, "majina" ta wadatar, ko "kaki" ya fi dacewa da na ƙirji?