Na harhaɗa FFmpeg a Ubuntu, amma ya ƙi tashi a Windows da Mac

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a nan Madina. Kusan shekara guda ke nan ina naɗar karatun da muke yi da wani malaminmu bayan Isha, da izininsa, ina tura wa mutanen gida. Damuwata data ce. Karatun awa ɗaya yana yi musu nauyi, mahaifiyata sai ta kwana biyu ba ta iya saukewa ba. Aka nuna mini manhajar FFmpeg, wadda ke mayar da sauti zuwa Opus, tsarin sauti mara nauyi irin na saƙon murya a WhatsApp.

Na ɗauko rubutun asalin FFmpeg na harhaɗa da kaina, wato na mayar da shi manhaja mai aiki, a laftof ɗina mai Ubuntu (wani nau'in Linux), don ina son in koya. Da farko configure, matakin da ke duba na'ura kafin harhaɗawa, ya tsaya wai babu nasm, ɗaya daga kayan harhaɗawar, na saka, aka wuce lafiya. To mu uku ne ke raba aikin: ni, da ɗan baffana a Jidda mai Windows, da abokin ɗakina mai MacBook M1. Na tura musu fayil ɗin da na harhaɗa, babu wanda ya buɗe masa. Suka gwada harhaɗawa da kansu. Na Jidda configure ɗinsa ya watse tun layin farko, na Mac kuma ya ce bai ga opus ta pkg-config ba, wato abin da ke nuna wa configure inda kayan da aka saka suke. Ina kuskuren yake? Don Allah a taimaka, karatun sati uku ya taru a wuyana.

Wani ɗan'uwa daga Riyad:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka yi kuskure wajen harhaɗawa ba, wajen rabawa ne. Rubutun asali ɗaya ne, amma abin da kompayila, wato manhajar da ke harhaɗawa, ke fitarwa ɗinkin jikin na'urar ne. Linux na karanta tsarin ELF, Windows na karanta PE, wato su .exe, Mac kuma Mach-O. Bayan haka M1 ɗin abokinka, wanda Apple ta fito da shi a 2020, injin ARM ne, taka kuwa da ta nemi nasm mai injin x86 ce. Ko tsarin fayil ya zo ɗaya, harshen injin ya bambanta. Dole kowa a yi masa nasa.

Wata 'yar'uwa daga Jidda:
Malam, na ɗan baffanka na san shi sarai, ya taɓa cinye mini yini guda. Git, manhajar da ake sauke rubutun asali da ita, na Windows ɗinsa yakan sauya ƙarshen layukan rubutu yayin saukewa, configure kuwa ba ya jure wannan. Sai ya rubuta git config --global core.autocrlf false, ya goge abin da ya sauke, ya sake ɗaukowa daga farko. Kada ya ce zai gyara tsohon, ɓata lokaci ne.

Sannan ya saka MSYS2, wanda ke kawo kayan harhaɗawa irin na Linux cikin Windows. A nan mutane ke ruɗewa, domin tagogi da yawa yake zuwa da su. Ya buɗe UCRT64, ba wadda aka rubuta MSYS ba, ya saka gcc da make da nasm da pkgconf da opus ta pacman (mai saka manhajoji a MSYS2), waɗanda sunansu ya fara da mingw-w64-ucrt in ban da make. Idan ya gama zai ga ffmpeg.exe yana aiki cikin tagar, amma da ya kai shi wani wuri sai ya nemi libopus-0.dll. Ya kwafo shi tare da sauran da ya nema ya ajiye kusa da shi. Idan wani ya ce masa WSL, wato Linux a cikin Windows, ya fi sauƙi, gaskiya ne, sai dai abin da zai fito na Linux ne, ba .exe ba.

Wani dattijo daga Makka:
Yarana, ni abin da ya tsaya mini a rai mahaifiyar nan ce da ke jiran karatu. Koyo abu ne mai kyau, ka ci gaba da naka. Amma su biyun me ya kai su? Akwai wanda aka riga aka harhaɗa. Na Mac ya ce brew install ffmpeg, na Windows ya sauke shiryayye, a fitar da karatun yau.

Ɗan'uwan Riyad ya dawo:
Baba ya yi gaskiya, a fara da wannan. In kuma abokin ɗakinka na son koyo, nasa ya fi kowa sauƙi: xcode-select --install zai ba shi clang da make, amma ba ya zuwa da pkg-config, shi ya sa aka kasa ganin opus. Ya saka pkg-config da opus ta Homebrew, wato brew ɗin da Baba ya ambata, ya tabbata /opt/homebrew/bin na cikin PATH, jerin wuraren da na'ura ke neman manhaja, domin a M1 can yake, ba /usr/local ba. Nasm bai shafe shi ba. Duk ranar da configure ya tsaya, ku duba ƙarshen ffbuild/config.log kafin ku tambayi kowa.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya. Mun bi maganarsa, daren jiya muka tura darasi shida. Na sa -ac 1 da -b:a 24k don rage nauyin sautin, awa ɗaya ta dawo wajen MB 11, kuma muryar malam tar. Mahaifiyata ta sauke kafin Asuba.

Saura tambaya ɗaya. Na gwada --disable-everything, mai rufe duk sassan FFmpeg, don in samu ƙarami, na buɗe libopus kaɗai, wato sashen Opus, yanzu ko fayil ɗin wayata ba ya buɗewa. Yaya, me zan mayar?

'Yar'uwar Jidda:
Ka rufe har da hanyar karanta fayil. Ka mayar da protocol ɗin file, da demuxer na mov da decoder na aac tunda m4a wayarka ke naɗa, da muxer na ogg da opus don rubuta sabon fayil, da aresample mai daidaita sautin. Ka turo layin configure ɗinka gaba ɗaya in duba bayan Magariba.