Wa ya taɓa ware wa tsuntsaye da ƙananan dabbobi wuri a filin lekol?

Mushe mai CM2, Maradi: Salamu alaikum 'yan uwa malamai da iyaye. Shekara uku kenan muna dashen itace ranar 3 ga Agusta a lekol ɗinmu, amma kun san lokacin yara na vakans, kafin a koma a Oktoba awakin unguwa sun cinye komi, sai ramu kawai muke tararwa. Bana ina son mu ware kusurwa guda mu bar ta ta zama ɗan daji, yara su ga tsuntsu da hawainiya da idonsu ba a littafi ba. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Direkta mai ritaya, Tibiri: Wa alaikumus salam ƙanena. Mu dashen ne munka bari gaba ɗaya. Abin da manoma ke yi a gonakinsu, sassaben zamani, wanda wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara da su nan ƙasar Maradi tun wajen 1983, shi munka kwaikwaya. Bayan azuzuwa akwai kututturan sabara da kalgo da kullum ake sarewa in an zo shara, sai munka ce a bar su, kowane a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a datse sauran. Saiwar tana nan da rai a ƙasa tun da daɗewa, ba ta neman ban ruwa. Damina biyu sun fi yaro tsawo, kurciya ta yi sheƙa, har bushiya munka gani da safe. Gawo guda ma ya tsiro da kansa, shi kuwa da rani yake ganye lokacin da sauran sun bushe, nan tsuntsaye ke taruwa a watan Afrilu.

Madam, unguwar Zariya: Baba direkta gaskiyarka, amma shinge fa? mu ƙayar magarya muka kewaye da ita, kojes, wato kwamitin kula da lekol, ya sayo, sai mata masu neman itacen girki suka riƙa zara da dare har ta ƙare. Sai da muka je wajen mai unguwa ya tara su aka yi magana. Abin da ya fi jawo tsuntsaye wajenmu kuwa ruwa ne, tsohon kasko muka binne a inuwa, kowane aji da ranarsa ta cikawa, ana zubar da na jiya saboda sauro. Lokacin zafi har zuma na zuwa sha.

Wata uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo: Ni dai malam tsorona maciji. Ɗiyata ƙafa ba takalmi take wasa wani lokaci, in ciyawa ta yi duhu wa zai tsare ta?

Direkta mai ritaya, Tibiri: Hajiya tsoronki na kan hanya. Mu nesa da azuzuwa munka yi shi, an share hanya mai faɗi kewaye, kuma ba mai shiga sai da malami. Tarin duwatsu da bulo ma munka kwashe don can suke ɓuya.

Mai gadin lekol, Madarumfa: Ku yi hankali da danƙo. Satin farko da tsuntsaye suka yawaita yaran da kansu suka riƙa harbi, na ƙwace ya fi a ƙirga. Wani mushen lekol ɗinmu ya ɗauki manyan maharban ya ba su kaye na rubutu, ya ce su riƙa rubuta duk tsuntsun da suka gani da ranar, to su ne yanzu ke korar 'yan unguwa. Ranar da shamuwa ta fara wucewa da gudu suka zo faɗa mini wai damina ta kusa.

Mushe mai CM2, Maradi: Na gode ƙwarai. Baba, gobe zan duba bayan ajinmu ko akwai kututture mai rai, ina ganin akwai sabara wajen katanga. Madam kaskon naki wane girma ne, kuma cikin vakans wa ke zuba ruwan?