Muhawara: Dole ne a ji ta bakin ma'aikata kafin a rufe gidan gyaran halin yara?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Idan hukuma ta ga gidan gyaran halin yara ya lalace ko ya cika maƙil, ta ga ya kamata a rufe shi a mayar da yaran wani wuri, ni ban ga dalilin tsayawa jiran ƙungiyar ma'aikata ba. Don yara aka gina gidan, ba don manya su samu albashi ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce a sa maslahar yaro a gaba a duk matakin da ya shafe shi.

Kwamared Lawal: Wa alaikumus salam. Malam, tuntuɓa daban, neman izini daban. Ba mu ce sai mun yarda za a rufe ba. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, sashe na 13, ta ce idan za a sallami ma'aikata saboda sauyin tsari ko matsin kuɗi, a sanar da wakilansu da wuri: mene ne dalili, mutum nawa abin zai shafa, a cikin wane lokaci. Sannan a zauna da su a duba ko za a kauce wa sallamar ko a rage ta. Ba duk ƙasashe suka sa mata hannu ba, amma ma'aunin ke nan.

Hajiya Rabi: Ku bar batun albashin tukuna. Na yi aiki a irin wannan gida. Mai gadin dare ya san yaran da ba a haɗa su ɗaki ɗaya, ya san wanda ke shan magani, da wanda in ya yi shiru da yawa sai an sa masa ido don kada ya cutar da kansa. Da yawa daga cikin wannan ba ya cikin fayil. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma da zarar ma'aikata sun ji labarin rufewa a bakin 'yan jarida, ƙwararrun cikinsu ne ke fara neman wani aikin. Watannin da suka rage kafin a tashi, hannu ya yi kaɗan, a daina shiga aji, a riƙa kulle yara a ɗaki tsawon yini. Yaran da Malam ke tausayi su ne ke kwana a ciki.

Malam Habibu: Hajiya, na ji wannan, kuma gaskiya ce. To idan ma'aikatan ne ke dukan yaran fa? Aikin ƙungiya kare mambobinta. Za a zauna da ita wata da watanni alhali yaro na shan azaba?

Kwamared Lawal: A'a. Inda akwai cin zarafi, a kwashe yaran yau, a dakatar da wanda ake zargi, a yi bincike. Ba zan kare mai dukan yaro ba. Amma rufewar da ake yi don tsufan gini ko rage kashe kuɗi ba ta gaggawa ba ce, an daɗe ana shirya ta a ofis. Me ya hana a kira mu tun lokacin?

Barista Zainab: Abin da ke damuna shi ne har yanzu ba wanda ya ambaci iyaye. Ƙa'idojin Havana na 1990, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare yaran da ke tsare, sun nemi irin waɗannan gidaje su zama ƙanana, a rarraba su, don iyali su iya kai ziyara. Sashe na 37 na yarjejeniyar da Malam ya kawo ya ba yaron da ke tsare damar ganawa da danginsa, sashe na 12 kuma ya ce a ji ra'ayinsa. In aka haɗe gidaje da yawa a wuri guda mai nisa, uwar da ke zuwa duk mako ba za ta iya ba. Ƙungiya tana da lauya da kakaki, uwar nan ba ta da kowa.

Malam Habibu: To ga inda na tsaya. A tuntuɓi ma'aikata kan yadda za a yi ƙaurar: wa zai bi yaran, wa za a sauya wa wurin aiki, yaushe za a tashi. Amma a rufe ko kada a rufe, wannan na hukuma ne, don duk wanda aikinsa ke kan siraɗi ba zai ce a rufe ba.

Kwamared Lawal: Nan ne muka rabu, ranka ya daɗe. In an riga an sayar da filin an sa ranar tashi, kiran da za a yi mana sanarwa ce kawai. Wataƙila gyaran ɓangare ɗaya ya wadatar, ko a rage yawan yaran da ake tsarewa kafin shari'a cunkoson ya sauka. Wa zai kawo wannan shawarar in an gama magana kafin mu shigo?

Hajiya Rabi: Barista, a zaman da kike so a yi da iyaye, wa zai kira su? Lambobinsu suna hannun ma'aikatan walwala na gidan, su ma sai an gaya musu da wuri za su iya sanar da kowa.