Waɗanda suka taɓa hawa jirgin ruwa na shaƙatawa, yaya kuka ƙare da intanet?

Mai canji, Obalende: Assalamu alaikum jama'a. Ni da maiɗakina za mu hau jirgin ruwa na kwana bakwai daga Dubai a watan Disamba. Sana'ata kun san ta, in na yi awa biyu ban leƙa farashin dala ba, ciniki ya wuce ni. A takardar da ejan ya turo an rubuta cewa akwai mintoci na kyauta. Wanda ya taɓa hawa ya faɗa mana, gaskiya ne ko romon baka?

Hajiya mai atamfa, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ne, amma ni sai da ta ƙone ni na gane. Minti 150 aka ba ni. Daren farko na shiga, na tura wa 'yata saƙon murya cewa mun tashi lafiya, na kife wayar a kan gado, na yi Isha'i, na kwanta. Da asuba na duba, babu ko minti ɗaya. Na sauka wajen teburin masu karɓar baƙi da faɗana, yarinyar ta juyo mini da kwamfutarta: ga lambar ɗakina, ga lokacin da na shiga, wajen fita kuwa fayau. Ashe agogonsu ba ya tsayawa don kin kashe fuskar waya. Sai kin koma shafin nasu kin danna fita da hannunki. Saƙon minti ɗaya ya cinye mini awa biyu da rabi ina barci.

Mai gyaran waya, Computer Village, Ikeja: Hajiya sannu. Bari in faɗi yadda suke gane waya. Kowace waya da kwamfuta tana da lambarta ta waifai, ana ce mata MAC, haruffa da lambobi 12 ne a jere. Da ka haɗu da waifan jirgi, na'urarsu ta riƙe wannan lambar, sai ta tare ka a wani shafi kafin ta bar ka ka wuce, irin wanda ake gani a otel-otel na Victoria Island. A shafin nan ne ake ɗaura lambar wayarka da asusunka. To tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suka daina nuna lambarsu ta asali, kowane waifai sai su ba shi lambar aro. Shi ya sa in ka biya kuɗi sannan ka je kana taɓa wannan saitin, jirgin zai ga kamar baƙuwar waya ce, ya sake tare ka a ƙofa. Ka bar shi yadda yake tun ranar farko.

Ɗan Agege: Oga ai ni wannan na ji na ce na samu hanya. Mintocina suka ƙare, na canza lambar aron, na sake haɗawa ina murmushi. Shafin ya buɗe kamar bai taɓa ganina ba, sai ya ce in sa lambar ɗaki da ranar haihuwa. Ina sawa ya ce saura sifili. Dabarar da yara ke yi wa waifan kyauta a gari ba ta ci a can, don ba waya kaɗai suke ƙirgawa ba, mutum suke ƙirgawa, kuma sun san inda kake kwana.

Mai canji, Obalende: Kai ma da neman banza! To in na saya, ni da Hajiya za mu iya amfani da guda?

Baban 'yan biyu, Mile 12: Za ku iya, amma ba a tare ba. Namu na waya ɗaya ne. Ina tsakiyar magana da direban da ya ɗauko mini tumatir daga Kano, sai layi ya mutu. Ashe uwargida ce ta shiga daga wajen cin abinci, shigarta ta fitar da ni. Na sake shiga na kore ta. Haka muka yi ta korar juna har la'asar, kowa na zagin sabis, sai da muka haɗu a ɗaki asiri ya tonu. Daga nan muka raba: safe nawa, bayan Magariba nata.

Tsohon ma'aikacin jirgi, Apapa: Shekara tara na yi a teku, mu ma'aikata ma da kuɗinmu muke sayen kati. Tsadar tana da dalili. A da duk jirgin da mutanensa dubbai suna rataye ne da tauraron ɗan'adam mai nisan kusan kilomita 36,000, ka yi sallama sai ka jira kafin ta isa. Na Starlink, sabon tsarin intanet na taurarin ɗan'adam, suna wajen kilomita 550 ne kawai. Kamfanin jiragen shaƙatawa na Royal Caribbean ya sanar da komawa kansa a 2022, shi kuma Starlink ɗin ya shigo Najeriya a Janairun 2023. Gudu ya ƙaru sosai, amma ƙirgar waya tana nan.

Alhaji, abin da zan ja maka kunne a kai wani ne daban. Jirgi na da nasa sabis ɗin waya da ke kunnuwa in an yi nisa da gaɓa, kuma layinka na gida zai iya kama shi da kansa a farashin romin, wato kuɗin amfani da layi a ƙasar waje. Kafin ku bar tasha sa wayar a yanayin jirgin sama, sannan ka kunna waifai kaɗai. Ka kashe sabunta manhajoji da adana hotuna. Manhajar jirgin ta duba lokacin abinci kuwa ba ta bukatar ka sayi komai.

Hajiya mai atamfa, Idi-Araba: Kuma in kun tsaya a tasha ka nemi wajen shan shayi mai waifai. A nan na tura hotuna na kwana uku da kuɗin kofi ɗaya.

Mai canji, Obalende: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na waya biyu zan saya. Baban 'yan biyu, ni maiɗakina ba za ta yarda da rabon safe da dare ba.